Buhun Citta Biyu a Bayan Gidan Baba Marcel

Duk wanda ya taɓa yin sammako a kwatas ɗin reluwe na Kafanchan ya san Baba Marcel Onyekwere, ko da bai san sunansa ba. Shi ne gajeren dattijon nan mai koɗaɗɗen kaki, da igiyar fata a kafaɗa da jakar kayan aiki a hannu. Ƙarfe shida na safe yake shan shayinsa a tsaye, domin a ganinsa zama da safe sai masu fansho. Matarsa Chinyelu, wadda duk kwatas ke kira Mama Nkolika, takan biyo shi har ƙofa da ƙunshin dafaffiyar doya. Ya ce ba ya so, ta cusa masa a jaka, ya wuce yana gunaguni. Shekara da shekaru haka suke yi, kuma ba a taɓa ganin doyar ta dawo gida ba.

Aikinsa gyaran waya ne. Wayoyin nan da ke bin layin dogo a kan falwaya, waɗanda tasha ke magana da tasha ta cikinsu, in ɗaya ta tsinke ko ta yi shiru shi ake nema. Ya bi layi da ƙafa, yana tafe yana kallon sama, har ya iske inda abin ya lalace, ya ɗaura igiya a ƙugu ya hau. Ruwa ya doke shi a can sama, zuma ta harbe shi ba sau ɗaya ba. Fasinjan da ya sauka Jos ko Kaduna lafiya bai san wani ya yini a rataye a wajejen Kagoro don kada jirgi biyu su haɗu a layi ɗaya ba. A ƙarshen Disamban nan na 1979 zai yi ritaya, bayan shekara talatin da ɗoriya. Reluwe za ta yi masa nata ban kwana. Tamu jinjinar ta aikin da ba wanda ya ɗauke shi ce, aikin ranar Asabar.

Ya bar Kafanchan a 1966 lokacin da dubban 'yan uwansa suka bari. Ya dawo bayan yaƙin basasa da matarsa, da 'yarsu Nkolika, da wata tsohuwar rediyo da ya nannaɗe cikin zane. Sun tafi da 'ya'ya uku. Ba ya maganar sauran biyun, mu ma ba za mu matsa ba. Abin da muka sani shi ne, tun da ya dawo, in ya ga yaro ɗan sakandare yana leƙen abin da yake gyarawa, ba ya iya korarsa.

Haka abin ya fara a 1971. Yara uku suka tsaya a bayan shinge suna kallonsa yana warware cikin wata wayar tarho. Ya ce su shigo. Asabar ta gaba suka zo su bakwai. Kafin shekara ta zagayo ya kafa rumfar kwano a bayan gidansa, da benci biyu da teburin da ƙafarsa ɗaya bulo ne. 'Ya'yan manoma daga Kagoro da Zonkwa da Kwoi da ke karatu a gari, 'ya'yan ma'aikatan loko masu gyaran kan jirgi, 'ya'yan 'yan kasuwa, maza da mata, duk suka cika rumfar. A makaranta suna ganin batir da maganaɗisu a hoton littafi. A nan suka taɓa su da hannu. Suka haɗa ƙararrawar lantarki, suka yi matatar ruwa da yashi da gawayi, suka yi ma'aunin ruwan sama da kwalba. Gari ya sa musu suna 'Yan Asabar, har iyaye na cewa in kana neman tsohon batir ɗinka ka rasa, kada ka zargi ɓera.

Amma abin da ya bambanta rumfar Baba Marcel da aji shi ne sanda. A layin da jirgi ɗaya kawai ke iya bi, direba ba ya barin tasha sai an miƙa masa wata sandar ƙarfe. Ita ce izinin hanya. Muddin tana hannunsa, ba jirgin da zai shiga wannan layin, kome girman wanda ke ciki, har sai ya isa tasha ta gaba ya miƙa ta. Baba Marcel ya yanko guntun bututun ƙarfe, ya goge shi, ya ce wannan ce sandar rumfa. Wanda ya riƙe ta shi ke zaɓen aikin da za a yi, shi ke raba hannu, shi ke cewa a fara ko a tsaya, har aikin ya ƙare. Kuma ba zaɓe ake yi ba, bi da bi ne, don kada mai baki ya ƙwace, kada mai kunya ya ɓuya.

"Ni ba ticha ba ne," haka yake gaya musu da Hausarsa ta layin dogo. "Ni mai waya. Wanda ya riƙe sanda, shi direba. Ko ni, sai na tambaya shi."

Kai ne, Baba, mutumin da ya san amsa ya haɗiye ta. Mun sha ganinka kana kallon yaro yana haɗa waya a baibai, leɓenka na motsi, gumi na tsattsafo maka, ba ka ce uffan ba sai da ƙararrawa ta ƙi kaɗawa, sannan ka ce, "To, direba, me ka gani?" Wanda bai taɓa koyar da yaro ba ba zai san wahalar wannan shirun ba.

A watan Nuwamba na 1974 sanda ta faɗo hannun Afiniki Kumai. Shekararta goma sha shida, tana aji huɗu, 'yar wani ƙauye ce a bayan Kwoi, tana zaune wurin innarta a gari. Yarinya ce da in ta yi magana sai ka matso da kunne. Mahaifinta ya rasu, mahaifiyarta Mama Emilia ke noma citta, kuma da cittar nan ake riƙe gida da karatun Afiniki. Da aka tambaye ta aikin da ta zaɓa, sai ta ce, kanta a sunkuye, kowace kaka matan ƙauyensu na yini suna tsaga citta da wuƙa kafin a shanya, har yatsun mahaifiyarta duk tabo ne. Tana so a yi injin da zai rage musu.

Kowa ya yi murna, musamman Meshak. Meshak ɗan wani makanikin loko ne, haifaffen Kafanchan, mai kaifin kai da kaifin baki, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba. Kafin Afiniki ta rufe baki ya zana injin a ƙasa da tsinke. Suka samo mataccen keke, suka bar feda da sarƙa, suka ɗaura wuƙaƙe huɗu a jikin wili. Ka hau ka taka, wani ya tura, wuƙaƙe su yi ta sara. Da suka gwada da rogo, sai ga shi yana fita fala-fala kamar kwabo, yara na tsalle.

Afiniki ta ce a hankali, "Citta fa ba haka ake mata ba. A tsaye ake tsaga ta."

Meshak ya ce, "Wannan aikin hannu ne. Inji yana da nasa sitayil."

Baba Marcel ya ji su duka biyu. Shi bai san citta ba sai a miya, amma ya ga fuskar yarinyar. Ya ce, "Direba, ka yarda?" Shi dai kowa "kai" ne a wurinsa, mace ko namiji. Afiniki ta dubi Meshak, ta dubi sauran da ke jiran a ce an gama, ta gyaɗa kai. Baba ya yi shiru, domin dokarsa ce ya yi shiru.

Da aka ba da hutun Kirsimeti, suka ɗora injin a lori, su goma sha uku da Baba Marcel, suka nufi ƙauyen. Sun isa da hantsi, Mama Emilia tana coci wurin zumuntar mata. Afiniki ta ce su jira, ta tafi kiran ta, sandar na cikin jakarta. Dattawan unguwa suka ja Baba Marcel ƙofar gida, aka kawo masa kujera da kunu, aka shiga tambayarsa labarin jirgi. Su kuwa samari suka zagaya bayan gida, suka ga wani tsibi a inuwar mangwaro an lulluɓe shi da ciyawa da ganye. Suka yaye. Citta ce, manya-manya, masu kyau, sabuwa dal.

Meshak ya ce, "Kun gani? Har an tara mana."

Daga ƙofar gida Baba Marcel ya ji ƙarar sarƙa da saran wuƙaƙe. Ya san direba ba ta nan. Ya san dokar da shi da kansa ya kafa. Amma daɗin ƙarar ya kama shi, ga dattawa na tambaya wane irin abu ne wannan, sai ya yi murmushi ya ce aikin yaransa ne, ya ci gaba da shan kunu. Yau shekara biyar ke nan, har yanzu in ya tuna kofin kunun nan sai ransa ya ɓaci.

Ko da Afiniki ta dawo da mahaifiyarta, tsibin ya kusa ƙarewa. Ɗan ƙauye ko na goye ya san abin da ake ɓoyewa a inuwa a ƙarƙashin ciyawa. Ba cittar sayarwa ba ce. Iri ne, wanda manomi ke zaɓa da hannunsa ya adana har ruwa ya sauka ya shuka. Kowane yatsan citta na da idanun da tsiro ke fita, kuma wuƙaƙen Meshak sun bi ta kansu kaf.

Mama Emilia ba ta yi ihu ba. Ta zauna a ƙasa da kayan cocinta, ta riƙa ɗaukar yankakken tana juyawa, tana neman ido ko ɗaya da ya tsira. Can ta ce, "Wannan iri ne. Tun baban Afiniki yana da rai nake juya shi." Ta ƙara dubawa ta ce, "Ko kasuwa ma ba za su saya wannan ba. Wa ya ce maku haka ana yanka citta?"

Meshak ya sauko daga kan keken, ya tsaya tsuru-tsuru. Baba Marcel ya cire hularsa ya durƙusa a gaban matar, shi da furfurarsa.

"Mama, laifi nawa ne. Ni babba a nan. Na ji inji, ban tashi ba."

Ta ce, "Na ji, Oga. Amma in ruwa ya sauka ba laifi zan shuka ba."

Maganar ke nan, ba ƙari. Wata huɗu ya rage a yi shuka. In gonar ta kwana babu iri, babu citta baɗi, kuma Afiniki ta gama makaranta ke nan a aji huɗu.

Da la'asar yarinyar ta same shi a gindin mangwaron. Idanunta sun kumbura. Ta fito da sandar ta miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, karɓi. Ban iya ba. Na san ba haka ake yi ba, na yi shiru. Ka ba Meshak, ko ka riƙe da kanka."

Ya so ya karɓa, Allah ya sani. Gyaran injin nan aikin yini ɗaya ne a wurinsa. Kuma ganin yarinya na kuka a gabansa abu ne da zuciyarsa ba ta ɗauka tun bayan yaƙi. Amma ya mai da hannuwansa baya.

"'Yata, a reluwe ba a ajiye sanda a tsakiyar daji. Jirgi ya lalace, direba yana riƙe. Ruwa ya cinye gada, direba yana riƙe. Sai ya kai tasha. Kai ka yi shiru, ni na sha kunu, Meshak ya yi gaggawa. Duka mun yi. Amma direba ɗaya ne. Gobe da safe ka gaya mana abin da za mu yi."

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta mai da sandar cikin jaka, ta juya ta tafi. Ya ɗauka ta yi fushi da shi, kuma gaskiya ne, ta yi.

Washegari aka ji muryar da ba a taɓa ji ba. Afiniki ta tara su a filin makarantar coci inda suka kwana, ta ce ba wanda zai taɓa injin sai ya iya tsaga citta da hannu. Ta kai Meshak tsakiyar matan unguwa, ta ba shi wuƙa da kujera 'yar tsugune. Kwana biyu yana nan, tsofaffi na yi masa dariya, ya yanke yatsa sau uku, bai yi gardama ba. A rana ta uku shi da kansa ya ce wuƙa ɗaya ta isa, a yi ɗan kwami na katako da zai riƙe cittar a tsaye ta bi ta kan kaifin. Suka warware, suka sake haɗawa. Afiniki ta kira tsofaffi uku su zama alƙalai. Sau biyu suna cewa bai yi ba. A na uku ɗayarsu ta ɗaga tsagin ta duba, ta ce, "To, wannan citta ne."

Daga nan Afiniki ta bi gida gida. Duk gidan da aka tsaga wa cittarsa, ya ba Mama Emilia ƙwarya ɗaya ta iri. Wasu suka yarda don tausayi, wasu don sun ga aikin yini uku na ƙarewa kafin azahar. Baba Marcel ya koma bakin aikinsa, sai Asabar ya zo ya tsaya gefe. Yaran suka yi Kirsimeti a ƙauyen da ba nasu ba, suna jan inji daga wannan gida zuwa wancan. Amma hutu ya ƙare, lokacin tsaga ma ya wuce, kuma kowane manomi na da tasa gonar da zai shuka. Da aka tara abin da aka samu, bai fi rabin irin da aka ɓata ba.

Rabin gona ba ya riƙe gida da makaranta. Baba Marcel ya san haka. A watan Fabrairu, ba tare da ya gaya wa kowa ba sai matarsa, ya naɗe rediyon nan da ya dawo da ita daga gabas, ya kai wa wani babban manomi a Kwoi, ya dawo da buhu biyu na irin citta. Ya haƙa rami a inuwar ayaba a bayan gidansa, nesa da rumfa, ya zuba, ya lulluɓe da ciyawa. Yanzu ai ya san yadda ake yi.

Mama Nkolika ta ce, "Papa Nkolika, kai wa matar nan kayanta ta samu barci. Me kana jira?"

Ya ce, "In na kai yau, yarinya zai koya abu ɗaya: in abu ya lalace, babban mutum zai zo da buhu. Ba kullum babban mutum yana zuwa ba. Ni da ke mun sani."

"In kuma ba ta iya ba fa? Gonar gwauruwa ce, ba allon makaranta ba."

"Gona ba zai kwana ba. Asabar na farko bayan ruwa, in ba su samu hanya ba, ni da kaina zan kai."

Akwai waɗanda za su ce wannan taurin zuciya ne, a bar mace da 'yarta cikin zullumi wata biyu alhali magani na binne a bayan gida. Ba mu ce ba su da hujja ba. Shi kansa bai taɓa tabbata ya yi daidai ba. Kowace Asabar yana ganin Afiniki ta rame, ya buɗe baki ya rufe. Ya daina cin doyar kirki. Kowace yamma in ya taso aiki ya zagaya ya yayyafa wa ramin ruwa, ya tsaya yana kallonsa kamar mai gadin kabari. Abin da ya sani kawai shi ne yarinyar ba ta sake miƙo masa sanda ba, kuma ta aika yara suna tsince gwangwanayen madara a gidajen shayi, ba ta ce masa don me ba. Shi kuwa bai tambaya ba.

Ruwan farko ya sauka ranar wata Laraba a Afrilu. Ranar Juma'a ya yi magana da mai lori. Asabar da sassafe ya tone irin, ya ɗure a buhu, shi da matarsa suka ja su cikin ɗakin ajiya, bayan ƙofa. Ya shirya abin da zai ce. Yana ɗaure bakin buhu na biyu ya ji hayaniya a waje.

Ya fito ya ga 'Yan Asabar a jere, kowa da faranti ko katako a ka, a kai gwangwanaye arba'in, yawancinsu da ɗan koren tsiro. Afiniki ta sa aka sauke a ƙofar ɗakin, ta buɗe littafinta. Tun Janairu, in ji ta, ta ɗebi kaɗan daga irin da aka tara, ta yanka shi girma huɗu, ta shuka goma goma a bayan gidan innarta, yara na ban ruwa bi da bi. Manya irin yadda ake shukawa a ƙauye duk sun fito. Masu ido ɗaya yawanci sun ruɓe. Amma ƙanana masu ido biyu, rabin girman da aka saba, tara cikin goma sun tsiro.

"In muka yanka haka, Baba, irin da muke da shi zai rufe gonar. Cittar ba za ta yi girman ta da ba, amma za a samu."

Ya tsuguna ya daɗe yana duba gwangwanayen, don kada su ga idanunsa. Ya ce, "Direba, gwangwani daban, gona daban. In bai yi ba fa?"

Ta ce, "In bai yi ba, ni zan tsaya gaban Mama. Ba Meshak ba, ba kai ba."

"Mama zai yarda?"

"Shi ya sa za mu kai mata ta gani da idonta. Sai dai ba mu da mota."

Baba Marcel ya miƙe, ya leƙa cikin gida ya ce da matarsa da harshensu ta ja ƙofar ɗakin ajiya. Sannan ya juyo ya ce, ai kuwa an yi sa'a, akwai wata lori da ya ji za ta Kwoi yau.

Mama Emilia ta karɓe su ba yabo ba fallasa. Ta bi gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya. Ta zaɓi ɗaya daga cikin ƙananan, ta juye shi a tafin hannu, ta kakkaɓe ƙasar, ta ga saiwa fara tas ta kama.

Ta ce, "Kakarki ba ta taɓa yanka iri ƙanana haka ba."

Afiniki ta ce, "Kaka tana da iri, Mama. Mu ba mu da shi."

Matar ta dubi 'yarta tun daga sama har ƙasa, kamar yau ta fara ganin ta. Ta shiga ɗaki ta fito da wuƙarta ta miƙa mata. "To, zauna ki nuna mini."

A mako biyu suka shuke gonar har gefe, suka lulluɓe da ciyawa. Baba Marcel bai saki jiki ba. Ya mai da buhunansa rami, ya ci gaba da yayyafa ruwa, domin in gonar ta ƙi fitowa akwai sauran dama a sake shuka. Sai a ƙarshen Mayu, da ya je ya ga layi-layin koren tsiro ya huda ciyawa, ya dawo gida ya ce wa matarsa ta yi yadda ta ga dama da abin da ke bayan gida. Shekarar nan duk kwatas sun sha citta. A shayi citta, a miya citta, a kunu citta, wanda ya yi tari sau ɗaya Mama Nkolika ta aika masa da ƙulli. Maƙwabta na ta mamakin wannan kyauta, ba wanda ya san dalili.

Da kaka ta yi, cittar Mama Emilia ta fito ƙanana, kamar yadda 'yarta ta faɗa. Amma ta isa a sayar, ta isa a ajiye iri, kuma Afiniki ta koma aji biyar. Yau tana karatun aikin gona a Zariya, in ta zo hutu tana tara yaran ƙauyensu a ƙarƙashin mangwaro da gwangwanaye da littafi. Meshak na koyon aiki a loko, kuma manyansa na yabon sa da abu ɗaya, wai ba ya taɓa kome sai ya tambayi mai shi. Akwai irinsu da yawa da suka bi ta rumfar nan, wasu malamai, wasu nas-nas, wasu na gyaran rediyo a Zonkwa da Mararaban Rido. Ba dukansu suka zama wani abu da za a buga a jarida ba. Amma in abu ya lalace a inda suke, su ne ba sa waige-waige suna neman wanda zai zo.

Kai ne, ɗan Onyekwere, uban 'Yan Asabar, wanda ya dawo garin da ya bari cikin baƙin ciki ya buɗe wa 'ya'yansa ƙofar bayan gida. Ba ka da takardar malanta, ba a taɓa kiran ka kan dandamali ranar rabon kyauta ba. Mun gode da rumfar, mun gode da haƙurin, mun gode har da kofin kunun da ka amsa laifinsa a durƙushe a gaban yara, domin a ranar suka ga yadda babba ke cewa na yi kuskure. Muna ƙaunarka, kuma gara mu faɗa tun kana ji.

Ku kuma masu sana'a na garin nan da kewaye, makanikai, kafintoci, masu jinya, manoman da suka san ƙasa, kowannenku na da Asabar. Akwai yaro ko yarinya a bayan shingenku yana leƙe. Ku ce ya shigo. Ku ba shi aikin gaske, wanda in ya ɓaci za a ji a jiki, ku bar shi ya ja gaba. Ku tanadi abin da za ku tare shi da shi in ya faɗi, amma kada ku yi saurin nuna masa.

Saura abu ɗaya, Baba, sai ka yafe mana. Labarin buhunan nan Mama Nkolika ce ta ba mu, kuma da ka ji ka ce kada a rubuta. Mun rubuta. Shekara biyar ka riƙe shi, ko Mama Emilia ba ta sani ba, ya isa haka.

Afiniki, mun san takardar nan za ta iske ki a Zariya. Safiyar da kika tsaya a ƙofarsa da gwangwanayenki, kina cewa ke za ki tsaya gaban Mama, irin da zai cika gonar mahaifiyarki na nan a ɗaure a bayan ƙofa, taku huɗu daga inda kike. Lorin ma don buhunan ya kira ta. Ya saurare ki har kika gama, ya sa aka ja ƙofar, ya ɗauki gwangwani biyu ya bi bayanki.